Safar Hannun Hagu ta Salisu

Ga ta nan, ku matso kusa. Ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya zan ba ku ita, don shi ne bakin da na iya. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Jikata Ramatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗi tana rubutawa. Abin da ya kawo zaman shi ne maganar da na ji ɗayanku ya yi ranar sunan ɗiyar Hadiza, wai aikin da Kaka ta yi ai wanki ne kawai, a zuba a mashin, a danna, a koma a zauna. To, kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Wankin farko da na yi wa masu wasan da ake ce wa ƙwallon Amirka, a wani ɗaki ne ƙarƙashin wurin zaman ƴan kallo, nan La Courneuve a gefen Paris, ba nisa da gidanmu na lokacin. Kakanku yana tuƙa motar wani ofishi a Paris, ni kuwa na gaji da zaman taga. Wata maƙwabciyarmu, Madam Odet, mutumiyar tsibiran can ƙetaren teku, ita ke riƙe da kayan ƙungiyar, gwiwa ta fara cin ta, tana neman hannu. Ta buɗe mini ƙofar ɗakin ran Litinin da safe, warin da ya tarbe ni sai da na ja da baya. Ta ce, "Shigo, Hajo. Wanda ya wuce ƙofar nan ya gama rabin koyo."

Ta juye buhu a ƙasa, ta ɗauki riga mai jini a kafaɗa ta miƙo mini. Na nufi ruwan zafi kamar yadda kowace mace za ta yi. Ta buge mini hannu. Jini ba ya son zafi, in ya ji zafi ya zauna ke nan har rigar ta mutu. Ruwan sanyi, farin sabulu, a murza da yatsa. Koren ciyawa kuwa buroshi yake so tun kafin a jiƙa. Lambar da ke bayan riga ba ta shiga mashin mai busarwa, sai ta tsattsage kamar ƙasar tabki da rani. Hular ƙarfe, wadda suke ce wa kaske, ba a tsoma ta a ruwa, ana cire soson ciki a goge shi dabam. Kafaɗun roba da suke sawa ƙarƙashin riga, ruwan binigar mai tsamin nan ake fesa musu a jingine su inda iska take. Daga baya da aka shimfiɗa ciyawar roba a filin, sai wata masifa ta zo, ƴan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera, suna shiga safa da wando da takalmi. In ba ka kakkaɓe su ba, su toshe mashin, ruwa ya malale ɗakin. Kayan aikina ba su da yawa: buroshi biyu, basilla, zare mai kauri, almakashi, da igiyar shanya. Mashin shi ne ƙaramin cikinsu.

Na daɗe ban ga wasan da idona ba, amma datti ya koya mini shi. Madam Odet takan ɗaga riga ta ce, "Wannan na wane ne?" Mai datti a ƙirji da gwiwa, wuyan riga a yage, na ƙattin gaba ne, masu turereniya kamar raguna. Mai datti a baya kawai, na mai jifa ne, an kayar da shi ya faɗi rigingine. Mai doguwar shafa tun daga gwiwar hannu har kwatangwalo, kamar an ja shi a ƙasa, wannan na mai cafewa ne. Shi aikinsa ya sheƙa da gudu can gaba, ya yi wa mai tsaronsa kwana, ƙwallo mai tsini biyu kamar gwanda ta zo masa daga sama, ya cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, alhali ya san wani ƙato na tafe zai banke shi. In ya cafe, an ci gaba. In ta suɓuce, duk wahalar sauran ta tashi a banza.

Masu cafewa su ne masu wuyar sha'ani a cikin duk waɗanda na yi wa aiki. Ƙattin gaba ka ba su riga ko ta wani ce su sa, su ce mun gode Mama. Mai cafewa sai ya shinshina, ya ɗaga ga haske, ya tambayi dalilin da hannun rigarsa ya saki. An yi wani da ba ya yarda a wanke masa safar ƙafa muddin ana cin nasara, har sai da abokansa suka jefa ta kan rufi. Amma ransu duka yana cikin safar hannu. Tafin safar yana da wani danƙo da ke kama ƙwallo. Ba ta shiga mashin, ba ta ganin rana, ba ta kusantar ruwan ƙamshin nan mai sa tufa laushi, don laushi shi ne mutuwarta. Juya ta ake yi, a wanke da hannu a ruwan sanyi, a matse cikin tawul, a rataye a inuwa yatsu suna kallon sama. Sai da na shekara Madam Odet ta bar ni na taɓa safar mutum ni kaɗai.

Ana nan, ana nan, sai ga Salisu. Ɗan Malam Issufu ne, mutumin Maraɗi da ke gadin wani ofishi wajen Porte de la Chapelle. A nan aka haifi yaron, Hausarsa rabi Faransanci ce, amma tarbiyyarsa ta gida ce tsaf. Dogo, siriri, ƙafa kamar ta barewa. Ranar da ya fara zuwa amsar kayansa, da ya ji na yi wa Madam Odet magana da harshen da bai yi kama da na nan ba, ya tambaye ni daga ina, na ce Damagaram. Sai ya durƙusa a kan simintin nan mai jiƙe.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Tashi kar ka ɓata wandon, ni zan wanke."

Ya amshi jakarsa da hannu biyu, dama a gaba, hagu na tallafe da gwiwar hannun. Tun daga ranar haka yake yi.

Kwanci tashi yaro ya hau. Daga cikin yara aka ɗauke shi zuwa manya, daga masu wasa don sha'awa ya shiga cikin ƴan kaɗan da ake biya, ya bar aikin ɗaukar kaya da yake yi a Saint-Denis. Rigarsa takan zo mini da doguwar shafar nan kowane mako, wani lokaci biyu. Abu ɗaya na lura da shi ban ɗauke shi komai ba. Safar hannunsa ta dama takan cinye, danƙon ya goge, yatsa ya huje, ta hagu kuwa tana nan kamar jiya aka sayo. Da yake ba a sayar da ɗaya, sai a sayo masa sababbi, ni kuma ba na iya zubar da abu mai kyau. Na samu wata jaka ina tara na hagun. Madam Odet tana ce musu zawarawa.

Mugunyar shekara ta zo ne bayan Madam Odet ta ajiye aiki ta koma tsibirinsu. Ruwan sama bai ɗauke ba tun farkon wasannin, mashin mai busarwa ya lalace, kaya suka yi ta funfuna a kan igiya, ni kaɗai. Wannan nawa ne, kuma ya wuce. Na Salisu ya fi. Su waɗannan mutane kafin su kara da ku sai sun zauna sun kalli hotunan wasanku na baya, suna mayarwa suna sakewa, har su san da ƙafar da kake tashi. Suka gano cewa in ƙwallo ta zo wa Salisu ta kafaɗar hagu, ba ya miƙa hannun da ke kusa, sai ya murɗa jiki duka don dama ta riga isa. Murɗawar nan tana cin taki guda, taki guda kuwa a wasan nan shi ne komai. Ƙungiya ɗaya ta gwada ta ga ya yi, sauran suka ɗauka. Kowa ya tsare masa dama ya bar masa hagu a buɗe. Ƙwallo ta dinga faɗuwa.

Ni a wanki na gani. Shafar ta gajarce, ta koma ɗan tabo, rannan sai ga rigarsa ta zo fes, ko gumi babu. A sana'armu riga mai tsabta ita ce mugun labari, mai ita a benci ya wuni. Na ji ƙattin gaba suna faɗi a bakin ƙofata cewa shugabanni sun yanke magana: wasan da za a je yi a Lyon shi ne na ƙarshe gare shi. In bai gyaru ba, za a kawo wani daga Amirka a ba shi wurin, Salisu ya koma ɗaukar kwali.

Wata ranar Talata da hantsi ina ɗinke wuyan riga da basilla, sai ga mai horar da su, Koci Bernar, ya shigo. Mutum ne mai furfura, ba ya yawan magana, bai taɓa wuce bakin ƙofata ba sai ranar. Ya zauna kan kwandon kaya.

"Madam Hajo, ke da yaron nan ƙasarku ɗaya. Na kai shi likitan ido, lafiya lau. Na kai shi a duba kafaɗa, lafiya lau. Akwai mashin da ke harba ƙwallo, in na tsayar da shi gabansa, ta hagu yake cafewa kamar wasa. Amma da mutum ya jefa masa, sai ya murɗe. Na san abin da yake yi, ban san abin da ke sa shi ba. Ko akwai abin da ba ya iya gaya mini?"

Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Muna cikin haka Salisu ya shigo amsar kaya, hannunsa na dama riƙe da kaske da takalma. Na miƙa masa jakar ta inda na fi kusa, wato ta hagunsa. Ya sunkuya ya ajiye kaske, ya ajiye takalma, ya goge tafinsa a wando, sannan ya amsa da dama. Koci ya bi shi da kallo har ya fita.

"Me ya sa ya ajiye? Ga hannu a sake."

Na ce, "Ai ba a amsar abu daga hannun mutum da hagu. Hagu na bayan gida ne. Yaro tun yana rarrafe in ya miƙo shi ake buge shi."

Da na faɗa sai na ji abin da na faɗa. Na jawo jakar zawarawa na juye masa a ƙasa. Ya tsuguna yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Mashin ba mutum ba ne, shi ya sa." Ya ɗago. "In ni na ce masa ya daina, zai ce to, jikinsa ba zai ji ba. Wanda ya ɗaure shi ne zai kwance. Ke za ki jefa masa."

Haka na shiga aikin da ba a ɗauke ni dominsa ba. Nakan naɗe safar ƙafa biyu su yi dunƙule, in ya zo bayan horo in jefa masa ta hagu. Ranar farko ya cafe da dama ya kawo mini har hannu.

"Da hagu na ce."

"Haba Inna. Daga hannunki?"

"Daga hannuna. Ni na ba ka izini."

"Wallahi hannun ne ba ya tashi. Sa ba pa, Inna, ba ya yiwuwa."

"To zauna a benci, rigarka ta fi sauƙin wanki."

Ƙattin gaba suka samu abin dariya. Sukan taru a ƙofa suna ihu wai an samu sabon mai jifa, a ba Mama riga da lamba. Wani ƙato ɗan Mali, Bakari, ya ce shi ma haka aka buge masa hannu yana yaro, amma Allah ya taimake shi aikinsa turewa ne, ba amsa ba. Salisu ya fara kamawa, yau ya kama gobe ya murɗe. In ya kama ɗin ma sai ya ce, "Yi haƙuri, Inna." Na ga abin yana tafiya, amma tafiyar hawainiya, ga Lyon tana matsowa.

Ashe magana ta kai gida. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Malam Issufu da babbar riga a ƙofar ɗakin wanki, Salisu na bayansa kai a ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi maigida, na tambayi iyali, ya tambayi sanyi, na tambayi aiki, muka tambayi mutanen gida har na ƙauye. Sannan ya ce:

"Hajiya, ke babba ce, shi ya sa na zo da ƙafata. Jiya uwarsa ta miƙa wa yaron nan kofi ya amsa da hagu. Da na tambaya, ya ce ke kike koya masa. Icce tun yana ɗanye na tanƙwara shi, a ƙasar da ƴaƴan mutane ke ce wa ubansu kai. Yanzu a zo a warware mini?"

Na ce, "Malam, tanƙwarar ta yi kyau, kowa a nan ya shaida. Amma in tambaye ka. Maƙerin garinku da wane hannu yake riƙe awartaki?"

"Da hagu."

"Mai kiɗan kalangu fa, da wane hannu yake matse tsarkiya?"

"Wannan sana'a ce."

"To wannan ma ita ce. Da ita yake sayo muku shinkafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi an ce yaro ya ɗauki jinka da gudu, ana bin sa. Mako mai zuwa in bai miƙa hannun nan ba, wani za a ba wurinsa."

Ya juya ga ɗansa. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

Salisu ya ƙara sunkuyar da kai. Malam Issufu ya tsaya yana kallon jakar zawarawan da na rataye a ƙusa. Ya ɗauki dunƙulen safa daga kan tebur, ya auna nauyinta a tafinsa, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa.

"Koma can jikin bango."

Ya jefa ta hagu. Yaro ya murɗe ya cafe da dama.

"Kai! Ni kake wa gardama? Da hagu!"

Ya sake jefawa. Hannun ya tashi rabi ya tsaya, safa ta faɗi cikin bokitin ruwa. Malam ya sa hannu ya tsamo ta da kansa, tana ɗiga, ya matse.

"Salisu. Ni na hana, ni na ce ka amsa. Amshi."

Ta uku hannun hagu ya fita shi kaɗai kamar wutsiyar bulala, ya dafe ta a sama. Malam ya sauke hannun rigarsa.

"A fili ke nan. A gidana in ka ƙara amsar kofi da shi, sai na karya shi."

Lyon ita ce tafiya ta farko da na bi su, don mai kula da tawul ba shi da lafiya. Muka tashi da safe a babbar mota, kwandunan kaya a ƙasa, ni a kujerar gaba kusa da direba. Garin yana da koguna biyu da tudu, abin da na gani ke nan ta taga. Aka tsayar da ni gefen fili da tawul a kafaɗa. Ba zan ce muku na gane duk abin da ake yi ba, busa usur ya yi yawa, a tsaya a taru a watse. Amma na san lambar da nake wankewa, ita na bi da ido.

Mutanen Lyon sun yi karatunsu. Mai tsaron Salisu ya manne masa ta dama tun daga farko, ya bar hagu kamar ƙofar da ba kowa a gidan. Aka jefo ta farko, Salisu ya sa hannu biyu, hagu a gaba, ya kama ya faɗi. Mai tsaron ya ɗauka sa'a ce. Can wajen ƙarshe mai jifa ya saki wata doguwa, ta yi sama har na ɗauka ta fita fili. Salisu na gudu bakin layi, ta sauko ta bayan kafaɗarsa ta hagu, nesa da jiki, inda dama ba za ta taɓa kaiwa ba. Bai murɗa ba. Ya miƙa hagu ita kaɗai, ƙwallo ta manne a tafin, ya jawo ta ƙirji, ƙato ya banke shi suka yi ta jan ƙasa har gabana. Ya tashi da ita a hannu.

Ba mu ci wasan ba, sun fi mu da kaɗan. Amma ba a kawo kowa daga Amirka ba. Da aka tara kaya na ga rigar, shafa tun daga kafaɗa har kwatangwalo, sai da na jiƙa ta kwana biyu. Safar hagu kuwa ta tsage a tsakiyar tafi. Ba ta ɗinkuwa, danƙo ba ya riƙe zare. Ita kaɗai ce safar da ta mutu na ƙi zubarwa.

Ya yi shekarunsa yana wasa. Daga baya mutanen Lyon ɗin nan su suka neme shi, ya koma can, wata mata ta ci gaba da wanke masa, na aika mata da saƙo kar ta sa ruwan ƙamshi. Gwiwa ce ta tsayar da shi, kamar yadda take tsayar da yawancinsu. Yanzu yana koya wa yara a Saint-Denis, in ya ga ɗan ƙasarmu cikinsu, uban yake fara nema. Zawarawan ma sun ƙare, yaransa suka cinye su a horo.

Ni na bar aikin da yatsuna suka daina riƙe basilla. Wadda ta gaje ni na koya mata jini da ruwan sanyi, na koya mata ta dubi safa biyu tare kafin ta wanke, don abin da mutum bai faɗa ba yana nan a kayansa. Wanda har yanzu yake ganin mashin ke yi, ga kwando can a ɗakin wankin, ya je ya raba mini na mai jifa da na mai cafewa.

Tawa ta tsaya nan. In da ƙari a ciki, ga shaida a cikin akwati. Ramatu, ajiye alƙalamin, zo ki amshi safar nan ki nuna musu tsagar.

Ke! Da wane hannu? Ke ƙwallo kike cafewa?